Babe Ruth: ɗan wasan da yayi zamani a fili da wanda kyamara ta bar mana

Duk wanda ya taɓa cin karo da tsohon bidiyon Babe Ruth a YouTube to hoto ɗaya ne zai zauna masa a rai, wani ƙaton mutum mai tumbi da faffaɗar fuska da siraran ƙafafu, ya maka wa ƙwallo gora sannan ya zaga fili da 'yan ƙananan taku cikin sauri-sauri. Nima haka na fara saninsa, kuma na daɗe ina tambayar kaina wai ta yaya mai wannan jikin ya zama ɗan wasan da Amurkawa har gobe suke cewa ba a yi kamarsa ba a besbol. Sai da na bi tarihin a tsanake na gane cewa mutum biyu ake haɗa mana a suna ɗaya, akwai wanda yayi shekara 22 yana wasa a babban lig, akwai kuma wanda masu fim da masu ɗaukar labarai suka ƙera suka sayar wa jama'a, kuma na biyun nan shine ya danne na farkon. Abinda yake damuna kenan, domin labarin gaskiyar yafi wanda aka ƙirƙira ƙarfi nesa ba kusa ba.

Bari in ɗan warware wasan tukuna saboda da yawanmu ƙwallon ƙafa muka tashi da ita. A besbol akwai mai jifa a tsakiyar fili, yana jefo ƙwallo da ƙarfin tsiya zuwa ga mai bugu wanda yake riƙe da gora, idan ya buge ta sai ya ruga ya taka zango na ɗaya da na biyu da na uku ya dawo gida inda ya tashi, dawowar nan itace maki ɗaya. Yawanci ba a zagayewa a bugu ɗaya, sai dai ka tsaya a wani zangon ka jira na bayanka ya buga ya tura ka gaba. Amma idan mutum ya buge ƙwallon ta tsallake katangar fili gaba ɗaya to babu mai iya tare shi, zai zaga a natse ya dawo gida shi da duk abokansa da suke tsaye a zangunan, wannan shine hom ran. Wasa turmi tara ne, kowace ƙungiya tayi bugu tayi tsaro a kowane turmi.

George Herman Ruth sunansa na yanka, an haife shi ranar 6 ga Fabrairu 1895 a birnin Baltimore. Mahaifinsa mashaya yake gudanarwa a unguwar talakawa, yaron ya tashi a titi baya zuwa makaranta baya jin magana, yana shekara 7 iyayen suka kai shi St. Mary's, wata makarantar horon yara da koyon sana'a da limaman Katolika suke kula da ita, wadda ake tara marayu da yaran da suka gagari gida. Kusan duk ƙuruciyarsa a bayan katangar nan yayi ta, can ya koyi ɗinkin riga, can kuma wani malami da ake kira Brother Matthias ya ja shi a jiki ya koya masa wasan. Mahaifiyarsa ta rasu a 1912 yana can ciki. Mahaifin kuma a 1918 ya mutu sanadiyyar wani faɗa a ƙofar mashayarsa. Ku riƙe wannan a ranku don zamu dawo kansa idan muka zo maganar fim ɗinsa na farko.

A 1914 Jack Dunn mai ƙungiyar Baltimore Orioles, wadda lokacin a ƙaramin lig take, ya ɗauke shi daga makarantar yana ɗan shekara 19, daga nan laƙabin Babe ya bi shi saboda 'yan wasa suna kallonsa a matsayin jaririn Dunn. Ba a rufa shekara ba aka sayar da shi ga Boston Red Sox. To ga abinda mutane da yawa basu sani ba, mai jifa ne aka saye shi ba mai bugu ba, kuma mai jifa na gasken gaske, bahago. A 1916 yaci wasa 23, matsakaicin makin da ake ci a kansa a cikakken wasa 1.75 ne wanda babu wanda ya kai shi a shekarar a lig ɗinsu, wato American League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na babban lig. Boston ta ɗauki kofin World Series a 1915 da 1916 da 1918 yana cikinta, kuma a wasannin kofin ya jera turmi 29 da ɗoriya ba a ci shi maki ko ɗaya ba, tarihin da ya tsaya har 1961. Da ya cigaba da jifa kawai ma da ya shiga sahun manya. Matsalar itace mai jifa sau ɗaya yake fita duk bayan kwana huɗu ko biyar, shi kuma ga hannu a bugu, sai aka fara saka shi tsaron bayan fili a ranakun da baya jifa don ya samu damar riƙe gora kullum. A 1919 ya buga hom ran 29, ya karya tarihin 27 da yake ajiye tun 1884.

Ƙarshen shekarar nan Harry Frazee mai Red Sox, wanda asalinsa ɗan harkar shirya wasannin dandamali ne kuma kuɗi sun masa ƙaranci, ya sayar da shi ga New York Yankees kan dala 100,000 tare da bashin wasu ɗaruruwan dubbai da aka jinginar da filin Fenway Park a kai. Boston bata sake ganin kofin ba sai 2004, shekara 86 kenan daga 1918, magoya bayanta suka riƙa cewa bakin Bambino ne ya kama su, Bambino ɗin wani laƙabin Ruth ne da 'yan asalin Italiya na New York suka saka masa.

Yanzu me yasa zuwansa New York ya juya wasan gaba ɗaya? Kafin 1920 dabara ake bi, a ɗan taɓa ƙwallo ta gangara a ruga, a saci zango wato a ruga zango na gaba ba tare da an jira bugu ba, a tara maki ɗaya-ɗaya, Ty Cobb shine sarkin wannan salon. Ƙwallo ɗaya ake ta amfani da ita har tayi laushi tayi baƙi, masu jifa suna shafa mata yawu da ruwan taba da ƙasa don ta riƙa karkacewa a iska, wanda yace zai ɗaga ta sama da ƙarfi sai a cafe ta a fitar da shi, shi yasa masu horarwa suke hana yara irin wannan bugun. Ruth kuwa da yake mai jifa ne tun farko babu wanda ya damu ya gyara masa bugu, yana riƙe gorar daga can ƙarshe, gora mai nauyi sosai, ya murɗa jikinsa duka ya ɗago ta daga ƙasa zuwa sama, in ya samu ya samu in ya kuskure ya kusa faɗuwa. Sai kuma zamani ya taimaka masa, a 1920 aka fara hana shafa wa ƙwallo yawu, a watan Agustan shekarar kuma ƙwallo ta samu Ray Chapman na Cleveland a ka ya mutu, daga nan alƙalan wasa suka riƙa canza ƙwallo da zarar tayi datti, fara sol mai tauri wadda ake gani da kyau kuma take tafiya nesa. Wasu suna cewa ai wannan ne sirrin. Ni ban yarda shi kaɗai bane, domin ƙwallon ɗaya ce aka jefa wa kowa, amma a 1920 Ruth ya buga 54 wanda yake bi masa George Sisler 19 gare shi, kuma babu wata ƙungiya a lig ɗinsu in ka cire Yankees da duka 'yan wasanta a haɗe suka kai abinda shi kaɗai ya buga. Shekarar ce kuma asirin 'yan wasan Chicago White Sox ya tonu cewa sun karɓi kuɗin 'yan caca sun sayar da kofin 1919, mutane sun fara yanke ƙauna da wasan, sai ga wani yana yin abinda babu ɗan cacan da zai iya shiryawa. Yankees ta tara 'yan kallo sama da miliyan ɗaya a 1920, karo na farko da wata ƙungiya tayi haka, alhali a filin haya take wasa na New York Giants. A 1923 ta buɗe nata Yankee Stadium, ranar buɗewar ma sai da ya buga hom ran, 'yan jarida suka ce gidan da Ruth ya gina.

Anan maganar majigi take shigowa. A zamanin ƙungiyoyin babban lig 16 ne kacal a birane 10, babu ko ɗaya a yamma da St. Louis, babu a can kudu, babu talabijin, rediyo ma yanzu take tasowa. Kenan mafi yawan Amurkawa basu taɓa ganinsa da idonsu yana wasan gasa ba. A jarida suke karanta shi, a sinima suke ganin fuskarsa cikin 'yan gajerun labaran da ake haskawa kafin a saka fim, kuma fuskar tasa irin wadda kyamara take so ce, ko daga kujerar ƙarshe kake zaka gane shi. Ga son yara, ga dariya, ga saka duk hular da aka miƙo masa ya tsaya a ɗauka. Daga 1921 wani mai suna Christy Walsh ya zama wakilinsa, shi yake nemo masa tallace-tallace, yana saka marubuta su rubuta sharhi a buga da sunan Ruth, yana kuma tilasta masa ajiyar kuɗi, kusan dai shine ya fara irin aikin da wakilan 'yan wasa suke yi yau.

Fim ɗinsa na farko Headin' Home ne a 1920, marar magana, an ɗauke shi ana tsakar kakar wasa, da safe yaje wurin ɗauka da rana ya garzaya fili, aka fara haska shi a Madison Square Garden a watan Satumba. An tallata shi kamar labarin rayuwarsa ne. A ciki wani saurayin ƙauye ne mai ladabi yana zaune da mahaifiyarsa da 'yar ƙanwarsa da karensu, ya sari itace ya sassaƙa gorarsa da hannunsa, 'yan garin suna raina shi, ya tafi birni yayi suna ya dawo. Babu Baltimore babu mashaya babu St. Mary's babu Brother Matthias. Wallahi wannan abin yana taɓa ni, yaron da uwarsa ta mutu yana tsare a makarantar horo aka tsayar gaban kyamara yana rungumar uwar fim a ƙofar gida mai furanni, kuma miliyoyin mutane haka suka ɗauka ya tashi. Masu fim ɗin sun ga cewa gwarzon Amurka dole ya fito daga ƙauye mai tsafta, ɗan mai mashaya daga lungun birni bazai sayu ba. Ƙarshe ma ragowar kuɗin aikinsa cek aka bashi wanda bai fita a banki ba. A shekarar dai ya kai wani kamfani kotu don sun haɗa gajeren fim da hotunan bugunsa ba da izininsa ba, kotu a New York bata bashi gaskiya ba saboda abinda yake yi a fili labari ne na jama'a. Tun daga nan ya kamata a gane cewa fuskar tasa ta fita daga hannunsa. Ko alewar Baby Ruth da ta fito a shekarun kamfanin cewa yayi sunan 'yar tsohon shugaban ƙasa Cleveland aka saka mata, sisi basu biya shi ba.

Mu koma kan tumbin nan. Ruth na 1921 dogo ne ƙaƙƙarfa, ƙafa 6 da inci 2, a shekarar ya buga hom ran 59, ya dawo gida sau 177, sau 16 yana bugu ya ruga har zango na uku a tashi ɗaya wanda mai nauyin jiki baya iya wannan, ya saci zango 17. A rayuwarsa ta wasa sau 10 yana satar gida, wato ya fizgo da gudu daga zango na uku ƙwallo tana hannun mai jifa. To me yasa bamu san wannan Ruth ɗin ba? Saboda mafi yawan hotunan da suka rage kuma ake ta maimaitawa na ƙarshen shekarun 1920 ne da farkon 1930 lokacin jiki yayi nauyi, sannan tsofaffin kyamarori da hannu ake juya su suna ɗaukar hotuna kaɗan a daƙiƙa, idan aka haska su da saurin injin zamani sai kowa ya koma yana tafiya kamar ana koro shi. Gudun nan mai ban dariya rabinsa aikin inji ne. Ban ce bai ci ba bai sha ba fa, ya ci ya sha yayi rayuwar dare ba kama hannun yaro, a 1922 shugaban wasan Landis ya dakatar da shi har 20 ga Mayu saboda ya karya dokar yawon wasannin neman kuɗi bayan kofi, a 1925 ya faɗi ciwo aka masa tiyata, ya dawo yayi kakar da tafi kowacce muni a shekarun ƙarfinsa, har mai horarwa Miller Huggins yaci shi tarar dala 5,000. Mutane suka ce ya ƙare yana shekara 30. Sai ya shiga gidan motsa jiki ya rage ƙiba, daga 1926 zuwa 1931 babu shekarar da ya gaza hom ran 46. Wannan dawowar itace a wurina babban abin fim a rayuwarsa, kuma itace aka fi tsallakewa.

Farkon 1927 yaje Hollywood yayi Babe Comes Home tare da jaruma Anna Q. Nilsson, labarin ɗan wasa mai taunar taba da wata mai wanki da take wanke rigunansa, fim ɗin ya ɓata yanzu babu kwafinsa a hannun kowa. Ya dawo daga can ya shiga kakar da ta zama tambarinsa, Yankees taci wasa 110, shi da abokin wasansa Lou Gehrig suna ta tseren hom ran har Gehrig ya tsaya a 47, ranar 30 ga Satumba ya buga na 60. Sai a 1961 Roger Maris ya wuce da guda ɗaya.

Amma in za a tambaye ni inda aka fi kama Ruth na gaskiya a fim zan ce Speedy ne na Harold Lloyd a 1928, inda ya fito na 'yan mintuna a matsayin kansa. Ana nuna shi a ƙofar gidan marayu yara sun yanyame shi yana rarraba musu ƙwallaye, sai ya duba lokaci ya tare tasi ya kai shi fili, direban kuma wato Lloyd masoyinsa ne na mutuwa, yana tuƙi yana waiwayowa baya yana zuba masa yabo mota tana kutsawa tsakanin motoci da taragun titin New York. Ka kalli fuskar Ruth a kujerar baya, ya dafe hula ya zaro ido yana nuna masa gaba da hannu, jikinsa yana karkata duk inda motar ta karkata. Babu wanda ya ce masa ya zama waliyyi ko ɗan ƙauye, an barshi a shi ɗinsa, sai gashi ya iya, yafi yadda yayi a finafinan da aka gina dominsa. Kuma yaran gidan marayun nan ba wasan kwaikwayo yake musu ba, ya san ɗakin kwanansu ya san layin abincinsu.

Akwai abinda bazan tsallake ba. Duk tarihin nan an kafa shi ne a lig ɗin da aka hana baƙar fata shiga, sai 1947 Jackie Robinson ya karya shingen, shekara 12 bayan Ruth ya ajiye gora. Bai taɓa fuskantar manyan masu jifa baƙaƙe a wasan gasa ba sai a wasannin sada zumunta na bayan kaka, waɗanda ya riƙa bugawa da su kuwa. Josh Gibson da ake kira baƙin Babe Ruth ya mutu a farkon 1947 bai taka babban lig ba, kuma kyamarorin da suke bin Ruth duk inda ya saka ƙafa basu bar mana komai na Gibson ba sai ɗan abinda ba a rasa ba. A 2024 ne aka haɗa alƙaluman lig ɗin baƙaƙe cikin kundin hukuma, Gibson ya hau saman Ruth a ma'aunin ƙarfin bugu. Hank Aaron kuwa, shima baƙar fata, da ya zo karya tarihin hom ran 714 da Ruth ya tara a rayuwarsa ta wasa a Afrilun 1974 wasiƙun barazanar kisa ya riƙa samu buhu-buhu, daga mutanen da suke ganin suna kare wani gwarzo da yawancinsu a majigi kawai suka san shi.

A 1930 albashinsa ya kai dala 80,000, sama da na shugaban ƙasa Hoover, ana tsakiyar karayar tattalin arziki. A 1932 yayi wasu gajerun finafinai masu magana na kamfanin Universal yana koya wa yara wasa, a shekarar ce kuma akayi abinda har yau ake musu a kai. Wasa na uku na World Series a Chicago, ranar 1 ga Oktoba, 'yan Cubs wato ƙungiyar Chicago suna ta masa ihu daga benci, ɗan wasansu Charlie Root yana jifa, Ruth ya ɗaga hannu yayi nuni, jifa na gaba ya aika ƙwallon can bayan tsakiyar fili. Wasu suka ce ya nuna inda zai buga ta ne, Root har ya mutu yana cewa ƙarya ne. Shekaru da yawa bayan nan aka fito da wani fim da ɗan kallo ya ɗauka da ƙaramar kyamararsa, ana ganin hannun ya ɗagu amma ba za ka rantse ko benci yake nunawa ko mai jifa ko katanga ba. Kyamarar da bata da niyyar sayar da komai ta bar maganar a buɗe, finafinan Hollywood kuwa duk sun rufe ta, a cikinsu yana miƙa hannu ƙiri-ƙiri zuwa katanga. Rigar da ya saka ranar an sayar da ita a gwanjo a 2024 kan sama da dala miliyan 24.

Ƙarshen wasan nasa babu daɗi. Burinsa ɗaya ya zama mai horar da Yankees, masu ƙungiyar suna ganin wanda bai iya riƙe kansa ba bazai riƙe wasu ba, duk da ya natsu sosai bayan aurensa da Claire a 1929. Anan sunan da aka gina masa na babban yaro mai ci da wasa ya juyo ya cije shi. Bayan rangadin Japan na 1934 inda dubban mutane suka cika titunan Tokyo don ganinsa, aka sallame shi zuwa Boston Braves da alƙawarin muƙami wanda ashe na jawo 'yan kallo ne kawai. Ranar 25 ga Mayu 1935 a Pittsburgh ya buga uku a wasa ɗaya, na ƙarshen ya tsallake rufin filin, shine na 714, bayan kwanaki kaɗan ya ajiye. A 1936 yana cikin mutum biyar na farko da aka saka a zauren gwarazan wasan. In ka cire ɗan aikin mataimaki da yayi a Brooklyn a 1938 babu wanda ya sake kiransa.

Sai 1942 aka neme shi ya fito a The Pride of the Yankees, fim ɗin rayuwar Lou Gehrig wanda cutar shanyewar jijiyoyi ta kashe a 1941 yana shekara 37, Gary Cooper ne ya hau matsayin Gehrig. Ruth yana shekara 47 yayi ƙiba sosai, ya matsa wa kansa ya zubar da nauyi mai yawa cikin ɗan lokaci don ya koma kamar ɗan wasa har sai da ya kwanta asibiti. Ya kamata a san cewa shi da Gehrig sun yi shekaru basa magana, sai ranar bankwanan Gehrig a Yulin 1939 ya matso ya rungume shi gaban jama'a. To a fim ɗin ka duba irin matsayin da ya yarda ya hau, akwai wurin da suka je duba yaro a asibiti, Ruth ya shigo da 'yan jarida ya saka hannu a ƙwallo yayi alƙawarin hom ran aka ɗauki hoto ya fice, Gehrig ne ya tsaya bayan kowa ya watse yayi hira da yaron. Wato an saka shi ya zama mai son a gani don hasken abokinsa ya ƙara fitowa, kuma ya yarda yayi, da fuskarsa da sunansa. Ni ina ganin girma a wannan, kuma ina ganin kamar wani bashi yake biya. Fim ɗin ya samu shiga takarar Oscar a rukuni 11, har yau shine mafi daraja a duk abinda Ruth ya fito a ciki, alhali labarin wani ne.

Waɗanda aka yi a kansa kuwa basu taɓa dacewa ba. Na 1992 da John Goodman ya fito ya tafi ɗaya ɓangaren, ya mayar da shi ƙaton mai haɗama tun daga ƙuruciya, an goge ɗan wasan da yake satar gida. Na 1948 mai suna The Babe Ruth Story wanda William Bendix ya hau shi kuma waliyyi aka yi, ya gaida yaro gurgu yaron ya miƙe tsaye, ƙwallonsa ta bugi kare ya bar wasa ya kai shi asibiti, ya shiga mashaya ya nemi madara, matarsa ta farko Helen wadda ta rasu a gobara a 1929 ko ambatonta ba a yi ba. An yi gaggawar gama shi ne saboda kowa ya san mutumin yana gargara, cutar kansa ta kama shi a bayan hanci da wuya tun 1946, muryarsa ta dishe ta koma kamar raɗa.

Ranar 13 ga Yuni 1948 aka yi bikin cikar Yankee Stadium shekara 25 aka kuma jingine lambarsa ta 3. Ya saka tsohuwar rigarsa tana masa yawa, ya ɗauki gora a benci ya dogara da ita kamar sanda ya tako fili. Duk masu hoto suka jeru a gabansa suna neman fuskar nan da suka shekara 30 suna ɗauka, wani mai suna Nat Fein ya zagaya ta bayansa ya durƙusa, ya ɗauko lamba 3 da kafaɗun da suka ranƙwafa da hula a hannu da siraran ƙafafun da dubban mutane a tsaye a benaye. Hoton ya ci kyautar Pulitzer, kuma fuskarsa bata fito a ciki ba.

Ranar 26 ga Yuli aka ɗauko shi daga asibiti zuwa sinimar Astor don buɗe fim ɗin Bendix, mutum biyu suna riƙe da shi ta kowane gefe, jama'a sun cika titi. Ya zauna ya kalli wani yana yin rayuwar da ba tasa ba da sunansa, bai kai ƙarshe ba aka fita da shi aka mayar asibiti. Ya rasu ranar 16 ga Agusta 1948 yana da shekara 53, aka ajiye gawarsa kwana biyu a Yankee Stadium, dubun-dubatar mutane suka bi layi cikin zafin bazara, iyaye suna ɗaga 'ya'yansu sama don su leƙa akwatin.